HAIHUWA BAYAN SHEKARA 35: ABIN DA YA KAMATA MAGIDANTA DA MATANSU SU SANI

A ƙasar Hausa an saba ɗauka cewa haɗarin haihuwa na mai cikin fari ne. Ita ake yi wa tattali, ita ake mayarwa gidan iyayenta goyon ciki, ita ake kwana a kanta ran da naƙuda ta tashi. Matar da ta haifi shida ko bakwai kuwa, sai a ce ai ta san hanya. Sau da yawa ita kaɗai take durƙusawa a ɗaki, sai an ji kukan jariri sa'an nan a aika a kira ungozoma ta zo yankan cibi. Binciken likitoci ya nuna cewa wannan zato kuskure ne. Haɗarin ciki yana da yawa ga yarinyar da jikinta bai nuna ba, yakan ragu a tsakiyar shekarun haihuwa, sa'an nan ya sake tashi in mace ta wuce shekara 35. In ta kai 40 kuwa, ya ƙara tsananta.

Ba nufin wannan takarda ba ne ta tsoratar da kowa, ko ta hana wani neman zuriya. Yawancin matan da suka yi ciki a waɗannan shekaru sukan sauka lafiya, su da jariransu. Nufin shi ne jama'a su san inda haɗarin yake, domin a tare shi tun da sauran lokaci.

SU WA AKE NUFI?

A ɗauki misalin ƙasar Kagara, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda Kamuku da Hausawa da Fulani da sauran al'ummu suke zaune tare, akasarinsu manoma da makiyaya. A garuruwa irin su Tegina da Pandogari da Yakila da Madaka, da ƙauyukan da ke kewaye da su, matar da ke ɗauke da ciki a shekara 38 ba amarya ba ce. Galibi an yi mata aure da ƙuruciya, wannan kuma ciki na bakwai ne ko na tara. Haɗari biyu ne suka haɗu a kanta: na shekaru da na yawan haihuwa. Wani lokaci ma cikin yakan zo daidai da na babbar 'yarta da ke gidan miji, sai kunya ta sa ta yi ta ɓoyewa da mayafi, ta ƙi zuwa awo don kada a gan ta layi ɗaya da sa'o'in 'ya'yanta.

Akwai kuma bazawara wadda ta sake aure bayan rabuwa ko rasuwar miji, tana son ta samu ɗa a sabon gida don zamanta ya kafu, musamman in ta tarar da kishiya mai 'ya'ya. Akwai wadda karatu ko aiki ko rashin dacewa da miji ya jinkirta mata aure. Irinta sun fi yawa a Minna da sauran birane, kuma adadinsu yana ƙaruwa. Sai kuma wadda ta daɗe a ɗakin miji ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Damuwar ta farko ita ce yadda za ta sauka lafiya. Damuwar sauran kuwa ita ce samun cikin tukuna.

YADDA SHEKARU KE RAGE ƘWAN HAIHUWA

Namiji yana yin sabon maniyyi kullum har tsufansa. Mace ba haka take ba. Da dukan ƙwayayenta ake haihuwarta, ba kuwa za ta ƙara ko ɗaya ba har ƙarshen rayuwarta. Jaririya tana zuwa duniya da ƙwai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2. Kafin ta balaga sun ragu zuwa kimanin 300,000 ko 400,000. Daga cikin waɗannan, 400 zuwa 500 ne kaɗai za su nuna su fito, ɗaya a kowane wata. Sauran duk narkewa suke yi a hankali, ko tana da aure ko ba ta da shi, ko tana haihuwa ko ba ta yi. Wajen shekara 37 abin da ya rage bai fi kimanin 25,000 ba, daga nan kuma raguwar takan ƙara sauri, har haila ta ɗauke gaba ɗaya, yawanci tsakanin shekara 45 da 55.

Yawa ba shi kaɗai ne abin lura ba. Manomi ya san cewa irin da ya kwana biyu a rumbu ba ya tsiro kamar na bara. Ƙwan da ya fito daga jikin mace mai shekara 40, shi ma shekararsa 40 ke nan yana jira. Saboda haka mace lafiyayya mai shekara 30, wadda mijinta ma lafiyarsa ƙalau, tana da damar ɗaukar ciki kimanin sau 1 cikin 5 a kowane wata. A shekara 40 damar ba ta wuce 1 cikin 10 ba, wasu masana ma sun ce ba ta kai haka ba. Bayan shekara 45 samun ciki da ƙwan mace na kanta abu ne mai wuya ƙwarai, ko da tana ganin al'adarta.

A nan ne mutane da yawa suke ɓata lokacin da ba shi dawowa. Ƙa'idar likitoci ita ce, in miji da mata sun shekara guda suna tare ba ciki, su je a duba su. In matar ta wuce 35, kada a jira shekara. Wata 6 ya isa. In ta kai 40, a je nan da nan. Amma abin da aka fi gani shi ne a shafe shekara uku ko huɗu ana zagaye daga mai saiwa zuwa mai turare, ana sayar da akuya da buhun masara, sai an gaji sa'an nan a tuna da asibiti. Alhali kuwa wasu dalilan rashin haihuwa, kamar ciwon sanyi da bai riga ya toshe hanyar ƙwai ba, ko rikicewar fitar ƙwai, suna jin magani in an kama su da wuri. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 a duniya yakan gamu da jinkirin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, don haka ba abin kunya ba ne, ba kuma dalili ba ne na kiran mace juya.

Wasu sun ji labarin haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a dasa a mahaifa. Gaskiya ne ana yi. An haifi jaririya ta farko ta wannan hanya a Ingila a 1978, kuma yanzu ana yin aikin a Abuja da Legas da wasu birane na Nijeriya. Sai dai yana da tsada ainun, kuma bai iya mayar da tsohon ƙwai sabo. Nasararsa ma raguwa take yi yadda shekarun mace suke ƙaruwa.

ƁARI DA LALURAR JARIRI

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai wasu zarurruka na gado guda 46, waɗanda masana ke kira kuromosom, rabi daga uwa, rabi daga uba. In ƙwai ya tsufa, yakan yi kuskure wajen rabon waɗannan zarurruka, a samu ƙari ko ragi. Yawancin cikin da ya fara da irin wannan kuskure ba ya zama. Zubewa yake yi a watanni uku na farko. Wani bincike da aka yi a ƙasar Norwe a kan ciki fiye da 400,000, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa a tsakanin mata masu shekara 25 zuwa 29, kimanin ciki 10 cikin 100 ne ke zubewa, amma ga masu shekara 45 zuwa sama, fiye da rabi ne. Ya kamata surukai da makwabta su san wannan. Sau da yawa in babbar mace ta yi ɓari biyu a jere, sai a fara zargin kishiya da sammu, ko a ce iska ce, gida ya rikice a kan abin da shekaru ne suka kawo shi.

Wani lokaci cikin yakan zauna, a haifi jariri mai zare 47. Wannan ita ce lalurar Down, wadda aka sa wa sunan wani likitan Ingila, John Langdon Down, da ya siffanta ta a 1866. A 1933 wani masani, Lionel Penrose, ya nuna cewa tana da alaƙa da shekarun uwa, a 1959 kuma aka gano ƙarin zaren a Faransa. Ga mace mai shekara 25, haɗarin kimanin 1 ne cikin 1,250. A shekara 35 kimanin 1 cikin 350. A 40 kimanin 1 cikin 100. A 45 kuwa kimanin 1 cikin 30. Mai karatu ya lura: ko a shekara 40, jarirai 99 cikin 100 ba za su zo da ita ba. Yaron da aka haifa da ita yakan yi jinkirin zama da tafiya da magana, kusan rabinsu kuma suna da matsalar zuciya da ke bukatar likita. Ba ɗan ruwa ba ne, ba kuma aljanu ne suka musanya shi ba. In ya samu kulawa yakan girma, ya koyi abubuwa da dama, ya yi wa gida amfani.

"KWANTACCEN CIKI"

Akwai wata magana da ta yaɗu, cewa ciki yakan kwanta shekara biyu ko uku sa'an nan ya tashi. Cikin ɗan Adam ba ya wuce kimanin mako 40 zuwa 42. Abin da kan faru shi ne, mace mai shekara 40 da 'yan kai sai ta ga al'adarta ta fara tsallake watanni, alamar tana gab da ɗaukewa, ita kuwa da yake tana begen haihuwa, sai ta ɗauka ciki ne. Ko kuwa ƙari ne ya fito mata a mahaifa. Irin wannan ƙari ya yi yawa a tsakanin matan baƙar fata da suka wuce shekara 30, yakan kumbura mara, ya sa jinin al'ada ya yi yawa har mace ta ɗashe. Wani lokaci kuma cikin gaske ne, amma ɗan ya mutu tun yana ƙarami bai fita ba. Gwajin fitsari da hoton ciki sun isa su raba gardama a rana guda. Haka kuma duk matar da al'adarta ta ɗauke shekara guda sa'an nan ta sake ganin jini, ta hanzarta zuwa asibiti, domin yana iya zama alamar ciwon daji na mahaifa ko na bakinta.

HAƊARIN DA KE KAN UWA

Babban abin tsoro na farko shi ne hawan jini. Mata da yawa sun riga sun kamu da shi kafin shekara 40 ba su sani ba, domin ba ya ciwo. Ciki yana iya tayar da shi bayan wata na biyar. In awon jini ya kai 140 bisa 90, aka kuma ga alamar furotin a fitsari, to, mace tana kan hanyar jijjiga. Alamunta su ne ciwon kai mai tsanani wanda ba ya jin magani, da gani dishi-dishi ko ganin walƙiya, da kumburin fuska da hannuwa, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari na dama. In jijjigar ta zo, mace takan faɗi tana taune harshe, mutanen gida kuwa su ɗauka bugun iska ne, su kama hayaƙi da ɗura mata jiƙo. Ɗura wa mai jijjiga abu a baki yana iya kashe ta, don yakan bi ta hanyar numfashi. A kwantar da ita a gefen hagu, a nemi mota. Akwai allura mai tsayar da jijjiga a asibiti, amma ainihin maganin shi ne a raba ta da cikin.

Na biyu shi ne zubar jini bayan haihuwa, wanda ya fi kowane abu kashe masu jego a duniya. Mahaifa tsoka ce. Bayan mabiyiya ta fita, dole ta murɗe ta matse jijiyoyin jini. Mahaifar da ta buɗe ta rufe sau bakwai ko takwas takan yi sanyi, ta kasa matsewa. In jinin da ya zuba ya kai rabin lita, an shiga haɗari, kuma mace tana iya rasuwa cikin sa'a biyu in ba a taimaka mata ba. Abin ya fi muni ga wadda dama jininta ya yi ƙasa saboda zazzaɓin cizon sauro, da rashin abinci mai gina jiki, da haihuwa kusa-kusa. Allurar oksitosin da malamar asibiti ke yi da zarar ɗa ya fito tana hana yawancin wannan zubar jini. Ungozomar gida ba ta da ita.

Ciwon suga na masu ciki shi ma ya fi kama manyan mata. Yakan sa ɗa ya yi ƙaton da zai maƙale a kafaɗa wajen fita. Ana gwada shi tsakanin mako na 24 da na 28. Har ila yau mabiyiya takan sauko ta tare bakin mahaifa, ta jawo zubar jini ba tare da ciwo ba a watannin ƙarshe. Tagwaye ma sun fi zuwa a waɗannan shekaru. Ga wadda ta haihu da yawa, fatar ciki ta saki, ɗa yakan kwanta a gicciye. In aka bar ta tana ta nishi kwana da yini, ko aka ba ta maganin ƙara naƙuda na gargajiya ko na kemis, mahaifa tana iya fashewa. Daga shekara 40 kuma haɗarin mutuwar ɗa a ciki yana ƙaruwa in kwanaki sun cika, shi ya sa likitoci ba su son irin wannan ciki ya zarce lokacinsa.

DARASIN ZARIYA

Ba daga Turai kaɗai aka samo wannan sani ba. Daga 1976 zuwa 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun rubuta bayanin haihuwa 22,774 da aka yi a jere a Zariya, aka wallafa sakamakon a 1985. Kimanin uwa 1 ce ta rasu a kowace haihuwa 100. Haɗarin ya fi yawa ga 'yan mata ƙanana, da kuma manyan mata masu yawan haihuwa. Amma abin da ya fi kowane muhimmanci shi ne, mafi yawan waɗanda suka rasu, nesa ba kusa ba, matan da ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kawo su ranga-ranga. Wannan bincike yana cikin abubuwan da suka farkar da duniya kafin taron kare lafiyar masu haihuwa da aka yi a Nairobi a 1987. Bayan shekaru masu yawa, binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2018 ya ƙiyasta cewa uwa 512 ce ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya. Har yanzu da sauran aiki.

MAZA FA?

An saba ɗora wa mace laifin rashin haihuwa, miji kuwa ya ƙaro aure. Likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin gidajen da ake fama da jinkirin haihuwa, akwai hannun matsalar namiji, ko shi kaɗai ko tare da ta matar. Daga shekara 40 zuwa sama ingancin maniyyi yana raguwa a hankali, ciwon suga da hawan jini da shan taba kuma suna ƙara rage shi. Haihuwar da mutum ya yi shekara 15 da suka wuce ba shaida ba ce cewa yau ma lafiyarsa ƙalau. Gwajin maniyyi ya fi gwajin mace sauƙi da araha, saboda haka da shi ya kamata a fara.

SHIRI TUN KAFIN RANAR

Matar da ta wuce 35 kuma tana son ƙarin haihuwa, ta je a auna jininta da sugarta tun kafin ta ɗauki ciki, ta kuma fara shan ƙwayar folik asid, wadda ke kare jariri daga nakasar laka da ƙwaƙwalwa. Da zarar ta yi ɓatan wata, ta fara awo, kada ta jira sai ciki ya fito. Tun 2016 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko kafin mako 12 ya wuce. A wurin awo za a ba ta maganin ƙarin jini, da allurar rigakafin sandarewar wuya, da Fansidar daga wata na huɗu don kare ta daga zazzaɓin cizon sauro. Ta kuma riƙa kwana cikin gidan sauro. Ta faɗi shekarunta na gaskiya da adadin cikin da ta taɓa yi, har da waɗanda suka zube da waɗanda ba su zo da rai ba, domin da wannan lissafi ne malamar awo za ta san ko ta tura ta babban asibiti.

Tazara tsakanin haihuwa ba baƙon abu ba ne a wurin Hausawa. Tun da can ana kushe gwanne, ana kuma son yaro ya sha nono shekara biyu. Shawarar likitoci ma ita ce a bar wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Wadda likita ya ce wani cikin zai iya taɓa ranta, ita da mijinta su nemi bayanin hanyoyin hutu a asibiti, kada su sayi ƙwaya a kasuwa, domin wasu ƙwayoyin ba su dace da mai hawan jini ba. Kada kuma a ɗauka cewa tsallaken al'ada yana nufin haihuwa ta ƙare. Mace tana iya ɗaukar ciki har sai al'ada ta ɗauke sarai.

Irin wannan mace, a asibitin da ake iya ƙarin jini da tiyata ya kamata ta haihu. Ga mutanen ƙasar Rafi, wannan yana nufin Babban Asibitin Kagara, in kuma abu ya fi ƙarfinsa a wuce Minna ta Tegina da Zungeru, tafiyar da ba a yin ta cikin 'yan mintoci. Da damina rafuka kan yanke hanyoyin ƙauye. Ga kuma matsalar tsaro da yankin ya sha fama da ita, wadda duniya ta ji labarinta a 2021 sa'ad da aka sace ɗalibai a Kagara da Tegina, ta kuma sa direbobi da yawa ba su yarda su fita da dare. Naƙuda kuwa ba ta zaɓen lokaci. Don haka in wata na tara ya kama, ya fi kyau mai ciki ta koma wurin 'yan'uwa a cikin gari kusa da asibiti. Maigida ya ware kuɗin mota da na magani tun lokacin kaka, ya yi magana da direba ya karɓi lambar wayarsa, ya nemi 'yan'uwa biyu ko uku waɗanda za su ba da jini in an bukata. Ya kuma bar izini a gida, a gaban mahaifiyarsa da ƙannensa, cewa in an ga jini, ko jijjiga, ko ruwa ya fashe ba naƙuda, ko ɗa ya daina motsi, ko naƙuda ta wuce sa'a 12, a tafi da ita asibiti ko yana gona ko yana kasuwa, ba sai an jira dawowarsa ba.